Yadda na bi matakan samun aiki a sansanin sojin ruwan Amurka da ke Jibuti

Tun da na dawo Kano, da wuya mako ya wuce wani matashi bai leƙo shagona da waya a hannu ba, yana nuna mini tallan aiki a sansanin sojin Amurka, yana tambayata ko ya biya kuɗin fom. Bakina ya gaji da maimaita labarin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko. Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da firji ne, shekara goma sha huɗu ina wannan sana'a kafin na tafi, kuma na yi wata goma sha takwas ina aiki a Camp Lemonnier, sansanin da rundunar sojin ruwan Amurka ke gudanarwa a ƙasar Jibuti. Ƙudurin rubutun nan shi ne kada wani ya sha ruɗanin da na sha, kada kuma ya yi asarar da na yi.

A watan Agustan 2022 wani ya jefa ni cikin wani zauren WhatsApp na masu neman aikin waje. Mai zauren yana da ofis na gaske, hawa na biyu a wani bene, da kujeru masu juyawa da hoton jirgin ruwan yaƙi a bango. Ya ce sojin ruwan Amurka ne da kansu suke ɗaukar ma'aikata, kuma an ba shi gurbin mutum ashirin daga Arewa. Kuɗin gurbi naira miliyan ɗaya da rabi, amma zan iya ajiye dubu ɗari biyu da hamsin a riƙe mini suna. Na sayar da babur ɗina na kai masa. Ya ba ni rasit, ya ba ni wata takarda mai tambarin mikiya da aka rubuta sunana a jiki da manyan baƙaƙe. Na kai ta gida na nuna wa mahaifiyata, ta ɗaga hannu ta yi ta sa albarka. Wannan sa albarkar ita ce ta fi yi mini ciwo daga baya. Mako uku yana cewa gobe, jibi, ana jiran sa hannu daga Washington. A mako na huɗu na tarar da kwaɗo a ƙofar ofis, mai gadin benen ya ce da ni, "Malam, kai ne na bakwai yau."

Wanda ya buɗe mini ido wani tsohon ogana ne da muka yi aikin sanyaya wani babban otal a Abuja, wanda ya taɓa aiki a sansanonin Amurka a Iraƙi. Na kira shi na zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanina, da ka kira ni kafin ka sayar da babur." Ya bayyana mini abin da duk mai neman wannan aiki ya kamata ya fara sani. Sojin ruwan ba sa ɗaukar irinmu kai tsaye. Suna bayar da kwangilar kula da sansani ga babban kamfani, wato wuta da ruwa da abinci da shara da gyare-gyare, shi kuma ya yanka wa ƙananan kamfanoni, su ne suke ɗaukar mai walda da mai famfo da mai sanyi. Abu na biyu ya fi girgiza ni: dokar kwangilolin gwamnatin Amurka ta haramta wa ɗan kwangila ko dillalinsa karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci, ta kuma haramta ƙwace masa fasfo. Shugaba Obama ya sa hannu a kan umarnin a 2012, aka shigar da shi cikin ƙa'idojin kwangila a 2015. Ke nan duk wanda ya ce ka biya kuɗin gurbi, ko dai ɓarawo ne, ko yana karya dokar da za ta iya raba kamfaninsa da kwangilar.

Shi ya nuna mini yadda zan shiga shafin ɗaukar ma'aikata na kamfanonin da kansu. Na biya wani yaro a shagon kwamfuta naira dubu uku ya tsara mini takardar tarihin aiki da Turanci, muka jera irin na'urorin da na taɓa gyarawa da girmansu, muka tura wa kamfanoni huɗu. Uku ba su ce uffan ba har yau. Na huɗun ya amsa bayan kwana ashirin da shida, suka sa mini ranar ganawa ta bidiyo. Na ari ofishin wani abokina saboda intanet ɗinsa ya fi ƙarfi, na sa riga mai kwala, cikina yana ta kaɗawa don Turancina na bakin aiki ne. Mai tambayar ɗan Filifin ne, shugaban sashen sanyi, kuma ko kaɗan bai damu da nahawuna ba. Ya ce, idan na zo na tarar bututun na'ura ya yi ƙanƙara, me zan fara yi? Na ce zan duba matatar iska da fankar ciki tukuna kafin na taɓa gas, domin yawanci ƙura ce ta toshe hanya. Ya yi murmushi ya ce yawancin waɗanda ya gana da su gas suke cewa za su ƙara. Minti ashirin da biyar muka yi. Bayan kwana tara aka turo takardar tayin aiki: dala 900 a wata, kwana shida a mako, masauki da abinci da tikitin jirgi a kansu. A ƙasa an rubuta cewa tayin yana rataye ne a kan sakamakon asibiti da tantancewar tsaro. A lokacin ban ɗauki wannan layi da muhimmanci ba, ashe shi ne rabin tafiyar.

Daga nan aka shiga farautar takardu. Fasfona saura wata bakwai ya ƙare, su kuma suna son wanda ya rage masa aƙalla shekara ɗaya, don haka na yi sabo mai shekara 10, naira dubu saba'in a farashin lokacin, na jira mako biyar. Da na tura hotunan takardu gaba ɗaya sai matar da ke kula da fayil ɗina ta dawo mini da su. A fasfo an rubuta sunan mahaifina da harafin u, a takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago an rubuta shi da o, a shaidar firamare kuma an yanke shi gaba ɗaya. A wurinmu duk Muhammadu ne, a wurinsu mutum uku ne daban. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nawa ne, na buga sanarwa a jarida, na haɗa na tura. Wannan ɗan harafi ya ci mini kwana goma sha biyu da kusan naira dubu goma sha biyar. Takardar shaidar hali daga 'yan sanda kuwa, ta intanet na cike, na biya naira dubu talatin, na je aka ɗauki hoton yatsuna goma. A nan na yi kuskuren gaggawa: na yi ta tun a watan Oktoba don na nuna ƙwazo, ban san kamfanin ba ya karɓar wadda ta wuce wata uku ba. Kafin lokacin tafiya ya zo ta tsufa, na sake biya na sake yi.

Katin rigakafin shawara shi ne mafi sauƙi. Na biya naira dubu biyu ta intanet, na je ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano aka yi mini allura aka buga hatimi. A sani dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da allurar, don haka ba abin da za a bari sai daren tafiya ba ne. Gwajin asibiti shi ne ya ɗaga mini hankali. Kamfanin ne ya zaɓi asibitin, a Abuja, shi ya biya, ni kuɗin mota da kwana kawai na kashe. An hana ni karyawa, aka ɗebi jini kwalba huɗu, aka yi hoton ƙirji saboda tarin fuka, aka gwada ido da kunne da bugun zuciya, aka duba ciwon hanta da sukari. Komai ya fita lafiya sai haƙori. Likitar ta haska bakina ta ce akwai turmi ɗaya da ya ruɓe, ba za ta sa hannu ba sai an cire ko an cike, domin ba sa son ma'aikaci ya je can ciwon haƙori ya kwantar da shi. Haƙorin da na yi shekara uku ina lallaɓawa da kanumfari. Na cire shi washegari, na dawo bayan mako ɗaya aka rufe fayil.

Sai kuma dogon fom na tsaro, wanda ya nemi duk gidan da na zauna a shekaru goma da suka wuce, duk wurin da na yi aiki, duk ƙasar da na taka, da sunayen iyaye da 'yan'uwa. Na taɓa zuwa Maraɗi da Damagaram ɗaura na'urori, ban da hatimi a fasfo domin ta mota muka shiga, na yi ta waswasin ko na rubuta. Tsohon ogan nan ya ce, "Rubuta. Abin da ka faɗa ba ya kayar da kai, abin da suka gano ka ɓoye shi ke kayar da kai." Na rubuta. Daga nan sai shiru na mako bakwai. Wannan jiran ya fi kowane wahala, domin na sallami wasu kwastomomi, unguwa duk ta ji zan tafi, kuma kowa ya san labarin babur. A cikin wannan shirun ne wata damuwa ta taso mini. Na karanta cewa jiragen da ba matuƙi na Amurka suna tashi daga Jibuti zuwa Somaliya da Yaman, kuma tun 2013 aka mayar da su wani fili da ake kira Chabelley a kudu da birnin. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu na ce, "Allah gafarta Malam, ni Musulmi, zan je na sanyaya wa sojojin da ke wannan aiki ɗaki, yaya matsayina?" Bai yanke mini hukunci da gatari ba. Ya yi mini bayanin abin da malamai suka ce game da yi wa wanda ba Musulmi ba aikin ƙwadago, ya nuna mini inda saɓani yake, ya ce na yi istihara. Na yi, na tafi. Amma ba zan ce tambayar ta bar zuciyata ba, kuma ina ganin duk mai niyyar zuwa ya kamata ya yi wa kansa ita tun yana gida.

Tikiti ya zo a watan Fabrairun 2023, a tsakiyar ƙarancin takardun naira, lokacin da ko kuɗin adaidaita zuwa filin jirgi sai da yayata ta kwance bakin zaninta. Kamfanin ya riga ya turo takardar izinin shiga ƙasa. Na tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, na kwana a kan kujera a filin jirgin Bole, da safe muka yi ɗan gajeren tashi zuwa Jibuti. Tun daga taga na hangi sansanin, domin titin sauka ɗaya suke amfani da shi da filin jirgin Ambouli na birnin Jibuti: jiragen soja masu launin toka a jere, da fararen kwantenoni layi-layi kamar an zuba sukari mai iyali a faranti. Direban kamfani yana jirana da allo. Na ɗauka washegari zan fara aiki. Sai aka kai ni wani gida a cikin gari inda ma'aikata ke kwana, mutum huɗu a ɗaki, aka ce na jira katin shiga. Kwana goma sha tara na yi a wannan gida. Ana biyana rabin albashi, ina cin shinkafa da wake irin na 'yan Indiya, ina zuwa sallar Juma'a a Masallacin Hamudi da ke tsakiyar kasuwa, ina kallon yadda gari ke mutuwa da rana tsaka idan ganyen ƙat, wanda suke taunawa don ya sa su nishaɗi, ya iso daga Habasha. Kuɗinsu faran ne, kusan 178 a dala ɗaya, kuma ba ya motsi domin an ɗaure shi da dala, amma tsadar garin ta ba ni tsoro. Na koyi gaisuwa da Somaliyanci, sauran kuma ɗan Larabcin makarantar allo ya fitar da ni.

Ranar tantancewa aka kai mu bakin ƙofa tun shida na safe. Aka karɓi wayoyi, aka ɗauki hoton fuska da yatsu da ƙwayar ido, sannan aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya cikin wani ɗan ɗaki. Mutum biyu ne, da fom ɗin da na cike a Kano a gabansu. Tambayoyin ba su da zafi, amma suna zagayowa: wanda aka yi mini a farko sai a sake yi da wata siga bayan minti ashirin. Sun tsaya a kan tafiyar Damagaram, wa ya kai ni, a ina na kwana, nawa aka biya ni. Sun kuma tambaye ni ko na biya wani kuɗi don samun wannan aiki, da kuma ko fasfona yana hannuna. Na ba su labarin mai ofishin bene, suka rubuta. Wani da muka zo tare daga wata ƙasa, an mayar da shi gida a makon, saboda shekarun da ya rubuta a fom ba su yi daidai da abin da ya faɗa da baki ba. Katin farko da aka ba ni na mai rakiya ne, ko banɗaki zan je sai da wanda ke da cikakken kati. Sai bayan wata biyu na samu na yawo ni kaɗai a wuraren da aikina ya shafa.

Mamakin farko da na yi shi ne sansanin sojin ruwa ne amma babu tashar jirgin ruwa a cikinsa; jiragensu a tashar birnin suke tsayawa. Mai sanyi yana shiga kusan kowane gini, don haka na karanta tarihin wurin a jikin bango. Akwai tsofaffin gine-gine na zamanin Faransawa, domin asalinsa barikin sojin Faransa ne, sunan ma na wani janar ɗinsu ne, Émile Lemonnier, wanda Japanawa suka kashe a 1945. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 Amurka ta nemi wurin zama a Ƙahon Afirka. Rundunar da ta kafa a 2002 a cikin jirgin ruwa mai suna Mount Whitney ta fara zama, sai a watan Mayun 2003 ta sauko ƙasa, cikin tantuna. A 2006 sojin ruwa suka karɓi ragamar wurin, aka faɗaɗa shi daga eka 88 zuwa kusan 500, tantuna suka ba kwantenoni wuri, kwantenoni kuma suna ba benaye na kankare wuri sannu a hankali. A 2014 Obama da Shugaba Isma'il Umar Gelle na Jibuti suka sabunta hayar a kan dala miliyan 63 a shekara, yarjejeniyar da za ta iya kai shekara 20. Mutum kusan dubu huɗu ke ciki, da injinan wutarsu da matatar ruwansu. Kowane mataki na wannan girma kwangila ne, kuma daga cikin irin waɗannan kwangiloli guzurina ya fito.

Aikin kansa, sai wanda ya ga watan Yuli a Jibuti zai gane. Zafi yana haura digiri 40, ga danshin teku, ga iskar hamsin mai ɗauke da ƙura. Suna da tutoci masu nuna tsananin zafi, daga fara har zuwa baƙa. Idan an ɗaga baƙa, ana taƙaita aikin waje, a yi kaɗan a huta da yawa, shugaban aiki yana bin ka da gorar ruwa. Kwantena ƙarfe ce, in na'urarta ta mutu da rana, cikin rabin awa ta zama tanda. Na tuna wata rana da aka kira ni ɗakin wani matashin soja da ya yi aikin dare. Na same shi zaune a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen tawul a ka, idonsa ja wur. Na buɗe na'urar waje, gishirin iska ya cinye fukafukan kamar tsohuwar tsintsiya, ƙaramin kafasita, abin da ke taimaka wa injin na'urar ya tashi, kuma ya kumbura. Na canza shi, na wanke, minti goma sha biyar iska mai sanyi ta fara fita. Ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya. Shekarunsa ba su wuce na autanmu ba.

Ranar hutu mukan hau tasi mu bi ta gefen tashar jiragen ruwa ta Dorale, inda Sin ta buɗe nata sansanin a ranar 1 ga Agustan 2017, na farko da ta kafa a wajen ƙasarta, ita kuma da doguwar gadar tsayawar jiragen ruwa. Japan tana nan tun 2011, Italiya ma tana nan, Faransa kuwa ba ta taɓa tafiya ba tun samun 'yancin ƙasar a 1977. Duk mashigin Babul Mandab ne ya tara su, ƙofar Bahar Maliya da faɗinta bai fi kilomita 30 ba. Da 'yan tawayen Huthi na Yaman suka fara harbin jiragen kasuwanci a ƙarshen 2023, mun ga canji a jikinmu: bincike a ƙofa ya ƙaru, fita gari ta ragu, mahaifiyata kuma kullum sai ta kira ta ce, "Ɗan nan, ka ce mini dai ba kusa da ku ba ne."

A tsakiyar 2024 aka sanar da mu cewa kwangilar ƙaramin kamfaninmu ba za a sabunta ta ba. Sansani yana nan, aiki yana nan, amma wani kamfani ne zai karɓa da mutanensa. A daidai lokacin ne sojin Amurka ke kwashe kayansu daga Agadas bayan gwamnatin Nijar ta soke yarjejeniya, kuma na yi ta tunanin 'yan'uwanmu da ke cin abinci a can. Fita ma tana da matakanta: na mayar da akwatin kayan aiki aka ƙirga har sukundireba, na mayar da kati, na zagaya ofis biyar ana sa hannu a takardar sallama, na jira mako uku bayan na dawo kafin kuɗin ƙarshe da na hutun da ban ci ba su shigo.

Ga mai niyya, abin da zan ce shi ne ya fara da sunansa: ya jera fasfo da katin ɗan ƙasa da shaidar sana'a ya ga harafi ya yi daidai da harafi, tun kafin ya tura komai. Ya yi fasfo da wuri, amma ya jinkirta takardar 'yan sanda har sai an nema. Kada ya rufe shago ko ya sallami kwastoma saboda takardar tayi, domin daga ganawa zuwa ranar da na fara riƙe sufana a cikin sansani wata biyar ne cur, kuma a kowane mataki ana iya cewa a'a. Ya karanta kwantiraginsa ya ga sunan kamfanin da zai biya shi, da ranar da kwangilar kamfanin za ta ƙare, da wanda zai sayi tikitin dawowa. Ya tambayi inshorar rauni a bakin aiki. Akwai dokar Amurka ta 1941 da ta wajabta ta ga ma'aikatan 'yan kwangila a sansanonin waje, har da waɗanda ba Amurkawa ba, kuma da yawa cikinmu ba su san da ita ba. Fasfonsa ya zauna a jakarsa. Abin da na kashe na halal gaba ɗaya, fasfo da takardun 'yan sanda biyu da kotu da jarida da haƙori da zirga-zirgar Abuja, bai kai naira dubu ɗari biyu da hamsin ɗin da na miƙa wa mai ofishin bene a rana ɗaya ba. Rasit ɗinsa yana nan a aljihun teburin shagona, shi nake fara ciro wa duk yaron da ya shigo da talla a waya.